Ruwan Akra ya iya karatun taswira, saura 'ya'yanmu

Ɗan ƙanwata yana ajin ƙarshe a babbar sakandare, kuma labarin ƙasa na cikin darussan da ya zaɓa. Wani daren Lahadi na iske shi a tsakar gidanmu na Mamobi, ya jingina da bango, ido a rufe, yana ta juya sunayen siffofin gangare a taswira kamar mai tilawa: "Konkeb, layuka a matse a sama, a warwatse a ƙasa. Konbeks, a warwatse a sama, a matse a ƙasa." Da ya buɗe ido na ce masa, "To wannan lungu namu da ya taso daga bakin titi ya gangara har babbar kwata, wanne ne cikin biyun?" Ya dube ni kamar na ce ya kawo kuɗin haya. Ya ce, "Kawu, ai wannan ba ya fitowa a jarrabawa."

Hajiya, mahaifiyata, tana gefe tana gyaran ayoyo. Ba ta taɓa riƙe taswira ba tun da take. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Daga wurin mai shayi zuwa masallaci ƙasar a tsaye take, shi ya sa ruwa ke zuwa a guje. Daga masallaci zuwa ƙasa kuma sai ta kwanta, nan yake sauke yashi da ledoji. Duk mai neman ɗaki kada ya wuce masallaci." Abin da ta kwatanta shi ne konkeb ɗin da jikanta ya kwana uku yana haddacewa. Ita tana da ilimin ba ta da sunan. Shi kuwa an ba shi sunan an bar shi ya nemi ilimin da kansa.

Ba zan ɗora wa yaron laifi ba, kuma ba zan tsaya a gefe ina nuna malamai da yatsa ba, domin ni ma na riƙe alli na koyar da wannan darasi shekaru kafin in koma kasuwa, kuma haka na koyar da shi. In shiga aji, in zana da'irori a allo, in rubuta suna a ƙarƙashin kowace, su kwafa, mu tashi. Abin da na yarda da shi yanzu shi ne mun juya darasin a baibai. Muna fara wa da suna, mu bi da takarda, ƙasar da ake magana a kanta kuwa ba ma zuwa gare ta sam. Ya kamata a fara da ƙasar da yaro ke takawa, a koma ga abin da zai riƙe a hannu, sannan takarda, suna ya zo ƙarshe. Kuma a gari irin Akra bai dace wannan ilimi ya tsaya ga 'yan tsirarun da suka zaɓi labarin ƙasa a babbar sakandare ba.

Shi layin kontuwa, wanda na fi son in kira layin tsayi, ba wani abu ne mai wuya ba. Layi ne da ke haɗa duk wuraren da tsayinsu daga gaɓar teku ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa cin tuwo ya gan shi. Ka sa malmala a kwano ka zuba miya, inda miyar ta tsaya ta zagaye tuwon, wannan zoben shi ne layin. Ƙara miya ta hau yatsa guda, ga zobe na biyu. Ƙara kuma, ga na uku. In ka leƙo daga sama ka zana zobban nan a takarda, ka yi taswirar tuwonka. Inda gefen malmalar yake a tsaye zobban za su matsu da juna, inda ya kwanta za su buɗe. Duk abin da ke cikin babin nan daga wannan ya tsiro. Abin sha'awa ma, ruwa ne ya fara sa mutane zana irin wannan layi: a Holand, tun ƙarni na 16, an yi amfani da shi don nuna zurfin kogi, kafin a juya shi a hau da shi kan duwatsu.

Konkeb da konbeks su ne suka fi rikita yara, kuma dalilin a bayyane yake. Kalmomi biyu ne na baƙon harshe da suka yi kama a kunne, babu ɗaya da ke kawo wa yaro wani hoto a zuciya. Amma a kowane gida na Zango akwai ƙwarya. Kife ta a ƙasa. Bayanta a kwance yake a sama, yana ƙara tsayuwa in ka nufo baki. Ɗauki gawayi ka zagaya ta da layuka, kowanne ya ɗara na ƙasansa da tsayin yatsa guda, sannan ka tsaya a kanta ka duba. Na sama a buɗe suke, na wajen baki a cunkushe. Wannan shi ne gangare mai bayan ƙwarya, konbeks. Yanzu juya ta ka dubi cikinta: daga baki a tsaye take, tana kwanciya har gindi. Wannan gangare mai cikin ƙwarya ne, konkeb. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya, ko a barci aka tashe shi ba zai haɗa su ba.

Akwai kuma wani abu da ƙwaryar ke koyarwa wanda haddar ba ta taɓa kaiwa gare shi. In ka zana abin da ka gani daga sama, ƙwarya a kife da ƙwarya a buɗe hotonsu ɗaya ne: zobba cikin zobba, a matse a gefe, a buɗe a tsakiya. Babu abin da zai gaya maka wannan tudu ne wancan rami ne sai lambobin da ke kan layukan, ko 'yan gajerun ƙaho da masu zana taswira ke sa wa layin rami suna kallon ciki. Shi ya sa nake ganin laifi ne a koya wa yaro gane siffa da ido kawai ba a fara tilasta masa karanta lamba ba. Misalin wannan yana nan kusa da Kumasi. Tafkin Bosomtwe rami ne da wani dutse daga sararin sama ya faɗo ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, faɗin bakinsa ya haura kilomita 10, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ɗalibin da bai duba lamba ba zai iya rantsuwa tsauni ne. Wanda ya taɓa gangarawa zuwa bakin ruwan a mota, yana jin direba na taka birki, ba zai yi wannan kuskure ba.

Siffar gangaren ba ado ba ce, tana da aiki. A kan mai bayan ƙwarya, wanda ke sama ba ya ganin wanda ke gindi, domin cikin tudun ya tare shi. Wannan ita ce tambayar "shin daga nan ana hango can" da ke yawan fitowa a jarrabawa, kuma ita ce dalilin da direban kirki ba ya wuce wata mota a kan irin wannan tudu. A kan mai cikin ƙwarya kuwa ana ganin komai daga sama har ƙasa, sai dai ruwa yakan taso da ƙarfi, ya zo inda ƙasa ta kwanta ya rasa gudu, ya zubar da duk abin da ya ɗauko. Nan kwata ke cikewa da yashi, nan ruwa ke neman ƙofar mutane. Maganar Hajiya ke nan.

Sauran siffofin suna jikin mutum. Dunƙule hannunka ka kifa shi a kan tebur. Ƙusoshin gaɓoɓin nan huɗu tsaunuka ne a jere. Ɗan lotsawar da ke tsakanin kowane biyu sirdi ne, kuma da ma sunan da littafi ya ba shi ke nan a Turance, sai dai ba wanda ya gaya wa yaran cewa sirdin doki ake nufi, alhali suna ganinsa duk sallah. Yatsun da suka miƙa ƙasa su ne hancin tudu, tsagin da ke tsakaninsu kwari ne. Zana layuka da biro a zagaye, sannan ka buɗe hannun ka shimfiɗa shi, ga taswira a bayan hannunka. A nan ne yaro zai ga da idonsa abin da ya sa layukan kwari ke lanƙwasa kamar harafin V, bakinsa mai tsini yana kallon sama inda ruwa ya fito, na hancin tudu kuma tsininsa na kallon ƙasa. Na sha ganin ɗalibai sun zana kogi a kan hancin tudu, ruwa yana tafiya a doron ƙasa kamar mai bin igiya, saboda an ce musu "V alamar kwari ce" aka tsaya nan.

Manyan siffofi kuwa hanya ce ke koyar da su. Duk wanda ya bi motar Akra zuwa Kumasi ya ga yadda dutsen Kwahu ya miƙe tsaye a bayan Nkawkaw kamar bango, alhali in ka hau samansa garuruwa ne da gonaki a shimfiɗe. Daga can saman dutsen Odweanoma a Atibie masu shawagi da laima ke tashi lokacin Ista su sauka a Nkawkaw. A taswira fuskar nan layuka ne da suka kusa hawa kan juna, bayanta kuma sai su saki jiki. Mu na Akra ma ba sai mun je nesa ba. Hau motar haya ta trotro daga Madina zuwa Aburi, ka lura da abin da hanya ke yi daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Me ya sa take murɗe-murɗe? Domin ba za ta iya tsallake layukan tsayi kai tsaye ba, dole ta bi su a karkace, tana hawa kaɗan-kaɗan. Manomin da ke yin kunya a gicciyen gangare don kada ruwa ya kwashe masa ƙasa, layin kontuwa yake ja da garma. Yaranmu sun haddace cewa dutsen Afadjato ya kai mita 885, amma ka tambaye su ko Nima ta fi Alajo tsayi, shiru.

Wani zai ce to duk wannan na mene ne, in yaro ya ci jarrabawarsa ai shi ke nan. Da a wani gari muke da sai in yi shiru. Amma Akra gari ne da ruwa ke yi wa jarrabawar taswira duk shekara. Ruwan saman da muke samu bai taka kara ya karya ba, wajen milimita 800 ne a shekara, Kumasi na samun kusan ninkinsa. Duk da haka mu ne ake nunawa a talabijin duk watan Yuni, katifu a kan rufi. Wani ɓangare na dalilin yana cikin siffar ƙasar. Gari ne a shimfiɗe, da duwatsun Akwapim a bayansa. Kogin Odaw yana tasowa daga gefen duwatsun nan, ya ratsa Achimota da Alajo da Avenor, ya karɓi ruwan kwatarmu ta Nima, ya wuce ta shataletalen Kwame Nkrumah da kowa ke kira Sakul, ya zube a tafkin Korle kafin ya kai teku. Wato babbar ƙwarya ce a buɗe, gefenta a arewa, gindinta a tsakiyar gari inda jama'a da kasuwa suka fi yawa. A daren 3 ga Yunin 2015 ruwan ya cika gindin ƙwaryar, mutane suka fake a wani gidan mai da ke Sakul, man ya bi saman ruwa, wuta ta tashi, aka rasa mutum sama da 150. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Babu ɗan Zangon da ya kai hankali a lokacin da zai manta washegarin nan.

Ba sai an kai ga irin wannan masifa ba ma. Dubi yadda muke kama ɗaki. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Mutum zai tara kuɗi da ƙyar, ya je ganin ɗaki a watan Janairu, lokacin hunturu, ƙasa a bushe ƙayau, bango ya sha sabon fenti. Ya biya. Yuni na zuwa sai ya gane abin da fentin ya rufe. Haka masu sayen fili a Kasoa ko Amasaman ko bayan Adenta. Dillali zai ce "ga fili a shimfiɗe, ba ka da aikin cikowa," kuma gaskiya ya faɗa, a shimfiɗe yake domin ruwa ne ya shimfiɗa shi, kuma zai dawo. Mutanen Tetegu sun san abin da ke biyo baya duk lokacin da aka buɗe madatsar Weija a kan kogin Densu, mutanen Mepe kuma sun ga nasu a Oktoban 2023 da aka saki ruwan madatsar Akosombo. Wanda aka koya wa tsayawa ya dubi inda ƙasa ta karkata, ya tambayi kansa daga ina ruwa zai zo kuma ina zai tsaya, yana da makamin da takardar fili ba ta bayarwa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Talakan da ke zaune a bakin Odaw ba jahilci ne ya kai shi ba. Ya fi ni sanin ruwa na zuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nan ne kuɗinsa suka kai. Kuma ba ɗalibin sakandare ne ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa ba, ba shi ne ya bar gidajen bene suka ci filin Sakumono mai shanye ruwa da aka keɓe tun 1992 ba. Na yarda da duk wannan. Darasin taswira ba zai kwashe shara daga kwata ba, ba zai rage kuɗin haya ba. Sai dai masu sa hannu a takardun izini, da 'yan majalisar unguwa, da magina, da dillalai, da kwamitin masallacin da ke shawarar inda za a sa harsashi, duk sun zauna a aji wata rana. Galibinsu ba su ɗauki labarin ƙasa ba, domin darasi ne na zaɓi da galibi 'yan sashen adabi ke ɗauka. Ke nan mun ɗauki ilimin da kowa ke bukata mun kulle shi a ɗaki ɗaya. Tun daga 2017 da aka mayar da babbar sakandare kyauta yaranmu sun ƙaru a makarantu, alhamdu lillahi, amma wannan ƙofa ba ta ƙara faɗi ba. Wurin da ya dace da darasin shi ne ƙaramar sakandare, inda kowa ke bi, kuma a yi shi da hannu.

Wani abokina da har yanzu yake koyarwa ya ce mini, "Malam, kai ka huta ne shi ya sa kake mafarki. Aji ya cika har bakin ƙofa, taswira ɗaya ce muke ɗauka a injin kwafi baƙi da fari, kogi da hanya da layin tsayi duk launi ɗaya. In ka ce za ka fita da yara sai ka nemi izini da mota da kuɗi." Gaskiya ne, kuma zancen launin nan ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin a taswira ta asali layin tsayi ruwan ƙasa ne, ruwa shuɗi, shi ke sa ido ya rarrabe. Amma ni ba yawon Aburi nake nema ba. Ƙwarya da gawayi ba sa bukatar izini. Doya ɗaya da aka yanka fai-fai da kauri ɗaya, a ɗora kowane yanki a takarda a zagaye shi da fensir, ta isa aji guda, a soya ta bayan an tashi. Harabar makaranta ma tana da inda ruwa ke kwanciya, kowane ɗalibi ya san wurin domin nan takalminsa ke lalacewa. Abin da ya fi ƙarfin malami shi kaɗai shi ne taswirar, kuma nan ne nake ganin hukuma ta gaza. Sashen safiyo da taswira na Hukumar Filaye yana nan Akra. Me zai hana kowace makaranta ta sami taswirar yankin da take, mai launi, a manne a bango? Yaro ya nemo unguwarsu tukuna kafin a miƙa masa taswirar garin da bai taɓa jin sunansa ba ranar jarrabawar WASSCE ta kammala babbar sakandare.

Masu cewa waya ta ƙare magana kuwa, Google Maps zai kai ka ƙofar gidan biki, amma a fuskar da yawancinmu ke buɗewa duk Akra a shimfiɗe take kamar tabarma. Ko ka kunna fuskar da ke nuna tudu da kwari, sai ka iya karatun layukan kafin su yi maka amfani.

Akwai wata gaskiya da ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibai, wadda ni ban taɓa faɗa ba lokacin da nake aji: taswirar ma tana da makanta. Tsofaffin taswirorinmu masu ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke matsayin kilomita 1, tazarar tsayi tsakanin layi da layi ƙafa 50 ce, wajen mita 15. In layuka biyu sun yi nisan santimita 1 a takarda, ƙasa ta hau mita 15 cikin mita 500, wato kusan 1 cikin 33, gangaren da tsohuwa za ta hau ba ta yi haki ba. In nisan milimita 1 ne, mita 15 ke nan cikin mita 50, kusan 1 cikin 3, sai da dafa gwiwa. Lissafin ke nan gaba ɗaya, kuma yaran da ke taya iyayensu ciniki a kasuwar Nima sun fi ƙarfinsa. Amma ka lura, bene mai hawa huɗu zai iya ɓuya tsakanin layi da layi. Lotsawar mita 2 da ke raba ɗakin da ke cika da ruwa da wanda ba ya cika ba za ta fito a takardar ba ko kusa. Taswira za ta nuna maka babbar ƙwaryar, ƙananan kuwa sai ƙafa da ido, da tambayar tsofaffin unguwa, da duba alamar da ruwan bara ya bari a katangar maƙwabta. Wannan ma dalili ne na farawa daga ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu Hausawa mun gaji wannan ilimi a bakinmu muna barinsa yana zubewa. Dubi sunayen da kakanninmu suka raɗa wa wurare. A nan Akra akwai Tudu, akwai Fadama, kuma tsohuwar Fadama tana daidai bakin tafkin Korle, inda sunan ya ce za ka same ta. A Najeriya akwai Tudun Wada a gari bayan gari, akwai Gangare a Jos, Hayin Banki a Kaduna, Kantin Kwari a Kano, ga Dutse, ga Jigawa. Fataken da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi ba su da takarda, amma sun san inda za a yada zango ruwa bai ci kaya ba. Harshen yana da tudu da hayi da gangare da kwari da kwazazzabo da korama da fadama da jigawa da kududdufi, kowanne da ma'anarsa daban. Yau ka ce wa yaron Nima "kwazazzabo" zai yi dariya ya ce wace irin Hausa ce wannan. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, saboda haka babu littafin hukuma da zai zo ya adana mana kalmomin nan. Aikin ya rage ga makarantun Islamiyya, da masu darasin yamma, da mu da ke gida. Ba ina cewa a bar Turanci ba, da shi za a rubuta jarrabawa. Amma malamin da ya ce "fadama" kafin ya faɗi sunan littafi, ko ya ce "bepo", wato tsauni, ga yaron da harshen Tuwi ya fi zama a bakinsa, ya ba kalmar Turancin ƙasar da za ta tsaya a kai.

Lahadin da ta biyo na ari ƙwaryar Hajiya ta koko, ba da son ranta ba. Muka zane ta da gawayi ciki da waje, yaron ya hau kan kujera ya leƙo ya zana abin da ya gani. Da ya ga hotuna biyun sun fito iri ɗaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki biro ya fara sa lambobi ba tare da na ce masa komai ba. Bayan la'asar muka fita lungu da gorar ruwa guda. Duk taku ashirin sai ya tsiyaya kaɗan mu ga inda ya nufa da kuma saurinsa, ya rubuta. Mai shayi ya tambaye mu ko wani abu ya ɓace. A zanensa na farko ya juya V ɗin kwatar, tsininsa na kallon Sakul, sai da ya koma ya tsaya a kan gadar ya dubi inda ruwan ke fitowa sannan ya gyara. Ya sa masallaci daidai inda layukan suka fara buɗewa, ya lura da kansa cewa dakalin ƙofar ya ɗara na sauran gidaje da bulo uku. Gidanmu ya faɗo layi biyu sama da masallacin.

Da dare yana wanke gawayin daga ƙwaryar, Hajiya na tsaye a kansa, ya ce mini, "Kawu, ɗakin nan na Alajo da Mama ke shirin biya, ta ce yana bayan gada ne. Ranar Asabar ka raka ni mu je mu gani kafin ta ba da kuɗin."